Matar gidan da nake zaune a Japan ta daina cin abinci tare da ni, in nemi a sauya min gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a ɓoye sunana, wanda kuma ya gane ni kar ya kai maganar nan gida. Shekarata 17, 'yar Zariya ce, yanzu haka ina garin Himeji a Japan cikin shirin musayar ɗalibai na shekara guda. Ina zaune da wasu iyali: miji da mata, 'yarsu mai shekara 15, da mahaifiyar mijin.

Kafin in taho ba ƙaramin rikici aka yi ba. Baffa, wan Abbanmu, ya ce ba a kai 'ya mace ƙasar da ba a jin kiran salla, har ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Gwaggo ta bi bayansa, ta ce sa'o'ina duk an sa musu rana. Abba ne ya tsaya kai da fata, ya sayar da filinsa ya yi min fasfo da sauran hidima. Umma ta ɗinka min hijabai shuɗi mai duhu kalar kayan makarantar, makarantar kuma ta yarda in sa wando a ƙarƙashin siket. Ta haɗo min yaji da kuka da kilishi, kilishin a filin jirgi aka karɓe shi don ba a shiga ƙasar da nama. Na faɗi duk wannan ne don ku gane in na koma da abin kunya, Abba za a yi wa dariya.

Na zo a watan Afrilu, lokacin da suke fara shekarar karatu. Da farko matar nan kamar uwa. Da asuba take tashi ta jera min abincin makaranta a ɗan akwati, ta daina sayen naman alade gaba ɗaya. Da na ce mata mirin da take zubawa a kifi akwai giya a ciki, sai ta ware min tukunyata. Wata rana ta yi miyar kori, na duba bayan kwalin na ga da kitsen alade, na ajiye cokali.

Sai bikin Obon a watan Agusta, lokacin da suke tunawa da matattunsu. Kakar ta kira ni gaban butsudan, wani akwatin katako ne a ɗakinta, hoton marigayi mijinta na kusa da shi, ana ajiye shinkafa, a kunna turare, a buga 'yar ƙararrawa, a haɗa tafuka. Ta ce in gaishe shi tunda na zama 'yar gida. Na ƙi, na faɗi abin da na faɗa, na hau sama. Tun daga nan in na dawo daga kulob ɗin ɗalibai na makaranta sai in tarar sun ci, nawa yana kan tebur a rufe da 'yar takarda a kai. Kome na tambaya sai ta yi murmushi ta ce ba komai. Jami'ar shirin ta ce zan iya neman a sauya min gida, amma sai an rubuta wa Abba. Ya zan yi?

Maman Biyu:
Wa alaikis salam 'yata. Allah ya kawo miki mafita. Amma "na faɗi abin da na faɗa" ɗin nan, mene ne shi? Ai nan maganar take.

Alhajin Gwanjo:
Yarinya, saurare ni da kyau. Na daɗe ina zuwa Osaka da Nagoya sayen motoci da kayan gyara, mutanen nan na san su ciki da bai. Ɗan Japan ba zai taɓa ce miki kin ɓata masa rai ba. In ya yi murmushi ya ce ba komai, to akwai komai. Kar ki kuskura ki nemi canjin gida, a wurinsu tamkar kin shelanta wa unguwa cewa matar ta gaza ne. Ki je ƙasan babban kanti inda ake sayar da kayan zaƙi, ki sayi kwali ɗaya a naɗe miki shi da kyau, ki rubuta wasiƙa da hannunki ko da Japananci mai gargada ne, ki miƙa wa tsohuwar da hannu biyu, ki sunkuyar da kai. Tsohuwar, ba surukar ba. Surukar umarni take bi. Sannan ke da kike Himeji, jirgin ƙasa minti 40 ne ya kai ki tashar Sannomiya a birnin Kobe. Masallacin Kobe na nan kusa, an gina shi tun 1935, bom ɗin yaƙin duniya bai rushe shi ba, girgizar ƙasar 1995 ma ta bar shi a tsaye. Gefensa akwai shagunan halal. Ki sayo kaza da garin kori ki dafa musu da kanki, magana ta ƙare.

Abu Hafsa:
Alhaji, da girmanku, amma haƙurin me za ta bayar? Don ta ƙi haɗa hannu a gaban gunki? Ƙanwata kin yi daidai, Allah ya ƙara miki imani. Laifin na waɗanda suka tura ki ne ba muharrami. Ni shawarata ki tattara ki dawo, A.B.U. na nan a bakin ƙofarku. Sunkuyawar ma da yake cewa ki yi, a bincika.

Alhajin Gwanjo:
Malam, kai a gidanku a tsaye kake gaida kakarka? Ba durƙusawa kake yi ba? Ni ban ce ta gaida akwati ba, na ce ta gaida tsohuwa mai rai.

Mai tambaya:
Malam, don Allah kar a taɓa min Abba, da saninsa da addu'arsa na zo, kuma ban taɓa barin salla ba, a ɗakin ajiyar littattafai nake yin azahar. Mama, ni fa ban zage su ba, gaskiya na faɗa mata a kan addinina, a natse. Alhaji na gode, amma in na kai kyauta ai kamar na amsa laifi ke nan. Kuma dokar shirin ba ta bari in bar gari ni kaɗai sai da izinin matar gidan, ita kuma yanzu ba na iya tambayarta komai.

Uwar Marayu:
Ni kam matar nake tausayi. Na riƙe 'yar ƙanwar maigidana, na daina sa manja a miya saboda ita wai yana tayar mata da zuciya, yarana suna gunaguni ina lallashi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa shigowa kicin ta ce Anti kawo in yanka albasa ba. Kullum tana ɗaki da waya. Ranar da na yi magana, uwarta ta kira maigida tana kuka wai ana azabtar da 'yarta, har yau ba ma gaisawa a biki. Riƙon ɗan wani sai dai don Allah.

Ɗan Tudun Wada:
Ni da na yi karatu a Chana ƙwai da taliya na rayu a kai, ba wanda ya ware min tukunya. Ke har abincin makaranta ake jera miki kina kuka.

Maman Biyu:
'Yata, maganar Uwar Marayu ta sa zan tambaya: da daddare a ina kike zama?

Mai tambaya:
A ɗakina Mama, amma da dalili. Awa 8 ne tsakaninmu da gida, ƙarfe 9 na dare a nan ɗaya na rana ce a Zariya, lokacin ne Umma take samun sukuni. Kuma ina wanke kwanona. Su a falo talabijin suke kallo, ba na gane rabin abin da ake cewa. Wankan ma da suke yi, kowa ya cuɗa jikinsa a waje sannan ya shiga bahon ruwan zafi guda, ɗaya bayan ɗaya, ni ba na shiga. Sau ɗaya na ga ruwan a tsaye na zare toshiyar, ai ba wanda ya gaya min maigidan bai shiga ba.

Alhajin Gwanjo:
Innalillahi! Kin zubar wa mutum da ruwan da ya wuni a ofis yana mafarkinsa? To ashe ba akwatin ba ne kaɗai. Kwali biyu za ki saya. Kuma wayar nan a ajiye ta, Umma ta isa a kira ta ranar Lahadi. Ki zauna a falon ko ba kya ganewa, ki riƙa naɗe musu wanki.

Malama Mai Alli:
Alhaji ya cika zafi. Yarinya ce ƙarama. Canjin gida abu ne da shirye-shiryen nan suka tanada, ba abin kunya ba ne, kuma jami'ar don haka aka ajiye ta. Ki roƙe ta ta zaunar da ku ku uku ta yi muku tafinta kafin a rubuta komai. Wataƙila matar tsoro take ji kar ta sake ba ki abin da ya haramta, shi ya sa take raba abincin. Kuma ki riga su gaya wa Abbanki da bakinki.

Abu Hafsa:
Duk wannan kwana-kwana ce. Azumi na tafe, wa zai tashe ta sahur a gidan?

Mai tambaya:
Agogon waya ne zai tashe ni Malam. Malama, Abba yana da hawan jini, ba zan iya gaya masa ba. Zama da tafinta kuma ina tsoron kar kakar ta maimaita maganar a gaban jami'ar a fahimce ta ba yadda nake nufi ba. Ranar Asabar jami'ar za ta zo gidan, ta ce in ba ta amsa kafin nan. Ni dai har yanzu ban ga abin da na yi da zafi haka ba.

Maman Biyu:
Har yanzu dai ba ki faɗa mana abin da kika ce wa tsohuwar ba.

Baban Yara:
Allah ya daidaita ku. Don Allah ƙanwata, shirin nan yana ɗaukar maza? Ina da yaro a aji biyar, ta ina ake cike takardar?