Sauke giyabos ɗin Mazda MX-5 ta 1992 domin canza kulochi

Mai_Mazda92:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1992, mai injin lita 1.6 da giya biyar ta hannu, irin ta farko wadda fitilunta ke ɗagowa daga bonet. Kulochinta ya fara zamewa, domin idan na taka totur a giya ta huɗu ko ta biyar, musamman a hawa, sai ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, wani lokaci har da ƙauri. Ina so in yi aikin da kaina tare da ƙanena, saboda makanikan unguwarmu sun fi sabawa da motocin da ke ja da ƙafafun gaba, ita kuwa wannan da na baya take ja. Ba ni da rami, sai jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Shin za a iya sauke giyabos ɗin ba tare da an fitar da inji ba, kuma me ya kamata in tanada kafin in kwance noti ko ɗaya?

Tsohon_Makanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Da a ce fedar ce ta yi laushi ko giya ta ƙi shiga, da na ce ka fara duba kulochin ƙasa, wato ƙaramar silindar da ke tura kulochi idan an taka feda, da ke manne a jikin giyabos, domin a wannan mota ya yi ƙaurin suna wajen yoyon man birki, kuma canza shi ba ya bukatar a sauke komai. Amma zamewa da ƙauri alama ce cewa farantin kulochin ya cinye, don haka babu makawa sai an buɗe.

Injin zai zauna a wurinsa. Ka fara da cire kan batir, wanda a motarka yana cikin but, sannan daga cikin mota ka cire sandar giya da robobinta. Ka ɗaga motar gaba da baya a kan ƙafafu huɗu, a kan siminti mai ƙwari, kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka juye man giya tun da wuri, domin da zarar ka zare farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul na baya, zai kwararo ta wutsiyar giyabos. Kafin ka kwance notuna huɗun da suka haɗa farfela da aksul na baya, ka yi musu alama da fenti don ta koma yadda take. Daga nan sai bututun salansa na gaba, da kik, da igiyar sifidomita, da wayoyin da ke saman giyabos. Kulochin ƙasa kuwa ka kwance notunansa biyu ka rataye shi gefe ba tare da ka buɗe bututunsa ba, sai ka huta da cire iska.

Abin da ya bambanta wannan mota da sauran shi ne doguwar gadar alminiyam da ta haɗa giyabos da aksul na baya, wadda Mazda ke kira PPF. Babu wani ƙarfen da ke riƙe da wutsiyar giyabos sai ita, saboda haka ka tokare shi da jak kafin ka taɓa ta. Idan ka sassauta ta, ka ɗan saukar da wutsiyar, injin zai karkata baya, a nan ne za ka iya kaiwa ga notunan sama da doguwar sandar soket mai gwiwa. Giyabos ɗin ya haura kilo 30, kuma ba shi da daɗin riƙo, don haka zuwan ƙanenka ya yi daidai.

Injiniya_Zariya:

Bayanin Baba ya gamsar, sai dai zan ƙara batun kaya, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Farantin injin 1.6 faɗinsa milimita 200 ne, na injin 1.8 da ya fito daga 1994 kuwa 215 ne, kuma filawil ɗinsu, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji wanda faranti ke mannewa a kai, ba ɗaya ba ne, don haka kada wani ya ce maka duk na Mazda ne zai shiga. Ka sayi cikakken saiti: faranti, da murfin da ke matse shi, da rilis boris mai danna murfin idan an taka feda, da ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar filawil, tare da sandar roba ta daidaita faranti. Wannan ƙaramin boris kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba, amma idan ya fara kuka bayan wata biyu, sai ka sake sauke komai dominsa. Ka kuma duba fuskar filawil da kyau. Idan ka ga tabo masu launin shuɗi ko ka ji tsagi da farcenka, ka kai a goge ta a wurin masu lesi, in ba haka ba sabon farantin zai riƙa karkarwa duk sanda za ka tashi.

Mai_Mazda92:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na leƙa ƙasa na ga baƙin mai ya jiƙe inda inji ya haɗu da giyabos. Ke nan oyil sil ɗin bayan karanshaf, wato robar da ke tare man inji a bayan filawil, shi ne ya lalace, har man ya kai ga faranti?

Tsohon_Makanike:

Yana iya yiwuwa, amma kada ka yanke hukunci tukuna. A bayan kan injin nan, dab da bangon da ya raba shi da ɗakin direba, akwai na'urar da ke karanta juyin kamshaf, kuma zoben robarta yana bushewa da tsufa, sai mai ya gangaro ta kan giyabos har mutum ya ɗauka daga ciki yake. Ka zura hannu ka shafa ƙarƙashinta. Duk da haka, a motar da ta haura shekara 30, ni ra'ayina shi ne a canza sil ɗin bayan karanshaf tunda filawil zai fita, amma a buga shi a miƙe kuma a hankali, domin sabon sil da ya shiga a karkace ya fi tsohon zuba.

Wajen mayarwa, ka tabbata gefen farantin da aka rubuta na filawil ne yana kallon inji, ka ɗaure notunan murfin kaɗan kaɗan, wannan sai wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, sandar daidaitawa tana ciki. Giris ɗan kaɗan ya isa a haƙoran shaf ɗin giyabos da ke shiga tsakiyar faranti, domin idan ya yi yawa zai fantsama kan faranti. Idan giyabos ya tsaya saura yatsa biyu ya haɗu da inji, haƙoran ne ba su dace ba, sai ka sa giya, ka zura bakin farfela ka ɗan juya har ya zauna da kansa. Kada ka kuskura ka jawo shi da noti, domin haka ake lanƙwasa sabon faranti ko a fasa bakin giyabos. Kada kuma ka ƙarasa ɗaure PPF sai ka ɗaga wutsiyar zuwa tsayin da littafin gyara na Mazda ya ƙayyade. Man giya kusan lita 2 ne na 75W-90, kuma ka fara kwance notin sama na zuba sabon mai kafin na ƙasa na juye tsohon, don kada ka zubar da tsohon mai sannan ka tarar na saman ya cije.