Muhawarar malaman lissafi na Gombe kan 4,294,967,297

Malamin Pantami: Salamu alaikum. Gobe zan ba 'yan ajin ƙarshe 4,294,967,297 a matsayin lamba marar rabuwa, wadda 1 da ita kanta kaɗai ke raba ta. A jera 2 guda 32 a ninka su da juna, a ƙara 1, ita ce. Tsarin Fermat ne, masanin lissafi ɗan Faransa, wanda a 1640 ya ce duk lambobin wannan layi ba sa rabuwa: 3, 5, 17, 257, 65,537, duk ba sa rabuwa, ita ce ta shida a layin.

Malamar Bolari: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna. Ka gwada ta?

Malamin Pantami: Na gwada. Mara ce, 2 ba ta shiga. Alƙalumanta sun taru sun ba da 59, ke nan 3 ma ta fita. Na bi 7, 11, 13 har na wuce 100, duk da saura.

Malamar Bolari: Ai kafin ka rantse sai ka bi har wajen 65,536, lambar da in aka ninka ta da kanta aka ƙara 1 take ba da taka. Ɗauko kalkuleta ka buga 641 sau 6,700,417.

Ɗan Kumo: Na buga yanzu. Wallahi ita ce cif, ko 1 bai ragu ba!

Baba mai ritaya, Jekadafari: Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, ya gano haka tun 1732, ba kwamfuta, ba kalkuleta. Kuma ba lalube ba ne. An tabbatar duk abin da zai raba wannan lamba sai ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. Cikin irin waɗannan, marasa rabuwa su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji na biyar ta faɗi. Gutsattsarin biyu kuwa, 641 da 6,700,417, kowanne ba ya rabuwa.

Malamin Pantami: Ranka ya daɗe, lissafi ya fito, ba gardama. Amma ban yarda a ce Fermat ya yi kuskure ba. Shi da kansa ya rubuta cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Hasashe ya yi.

Malamar Bolari: Hasashen da ya faɗi ƙasa fa? Wanda ya ɗanɗana buhu biyar na wake a kasuwa ya ce duk rumbun lafiya lau, in na shida ya fito da ƙwari, ai ya yi kuskure.

Baba mai ritaya, Jekadafari: 'Yata, ki sassauta masa. Biyar ɗin nan sun yi rana: a 1796 Gauss, masanin lissafi ɗan Jamus, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan 65,537 har yau ba a sake samun marar rabuwa ko ɗaya a layin ba, kuma ba wanda ya kawo hujjar cewa babu.

Malamin Pantami: To kun gani, ƙofa a buɗe take.

Malamar Bolari: Ƙofar wasu lambobin, Malam. Taka 641 ta rufe ta.

Ɗan Kumo: Yanzu me za a ba yaran gobe?

Malamin Pantami: Ita ɗin dai. Zan ba su ninkin 64 da ƙarin 1, su nemo mai raba ta da kansu.