Wai "wayo" zagi ne? Takaddama kan hannun jarin Dangote Cement

Baban Khalifa: Jama'a, tun 2020 nake wannan magana a zauren nan, ba wanda ya kula ni. A Disambar 2020 kamfanin Dangote Cement ya sayi hannun jarinsa da kansa, guda miliyan 40.2, kan kusan naira biliyan 9.8. A Janairun 2022 ya ƙara sayen miliyan 126.7 kan biliyan 35. To uwar kamfanin, Dangote Industries, ita ke riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na hannun jarin. Duk hannun jarin da aka janye daga kasuwa, kason mai rinjaye ne ke ƙaruwa, bai ciro ko kwabo daga aljihunsa ba. Wannan wayo ne tsantsa!

Injiniya: Wayo fa ka ce? Don Allah janye kalmar nan. Masu hannun jari ne suka amince a taronsu na Janairun 2020, aka ba da izinin saye har kashi 10 cikin 100, aka sanar a kasuwar hannun jari ta Legas. Wayo a ɓoye ake yin sa.

Maman Ummi: Mu dai a gidanmu in aka ce yaro ya yi wayo, yabo ne. Mene ne na tada jijiyar wuya?

Injiniya: Hajiya, "ya yi wayo" daban, "ya yi mana wayo" daban.

Baban Khalifa: Ni ban ce "mana" ba.

Injiniya: Ai "tsantsa" ɗin ta faɗa maka.

Malam Akanta: Ku ɗan tsaya. Idan ribar ba ta canza ba amma yawan hannun jarin da za a raba musu ya ragu, rabon kowane ɗaya ya ƙaru, har da na mai guda 500. Sannan ribar da ake rabawa ana cire mata harajin kashi 10, shi ya sa wasu kamfanoni ke son wannan hanya.

Ɗan Kwari: Akanta, bar wahalar da kanka. Ba lissafi ne ya dame su ba, hassada ce. Ɗan Kano ya yi zarra, shi ke nan.

Na Sakkwato: Kanon da ko masana'antar siminti ɗaya bai kafa muku ba? Obajana a Kogi take. Mu ga BUA nan a Kalambaina, muna ganin tirelolinta kullum.

Ɗan Kwari: Shi Abdussamad mai BUA ɗin ɗan ina ne? Ba namu ba ne? Kuma siminti dutsen farar ƙasa yake bi, ba mahaifar mutum ba.

Maman Ummi: Wa kake kira mahassaci, ƙanena? Baban Khalifa mijin yayata ne fa, ka girmama furfura.

Ɗan Kwari: Ban kama suna ba, Yaya.

Baban Khalifa: Har yanzu ba wanda ya amsa min batun kason.

Shugaban zaure: To, mu rufe. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda an bi doka, Akanta ya nuna ƙananan masu jari sun amfana, kuma kalmar "wayo" ba ta dace da mutumin da ya ɗauki dubban 'ya'yanmu aiki ba. Baban Khalifa, a janye ta.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, wa ya yarda? Ban janye ba. Gobe zan turo lissafin sayen da suka sake yi a 2023.