Damina na bankwana, me za a tuge me za a shuka a lambun gida?

Maman Hanifa (Unguwar Dosa): Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema. Ɗan filin da ke bayan kicin ɗina tun watan Yuni na zuba kuɓewa da alayyahu da yakuwa, sai tumatir kaɗan a buhu, yanzu ga Satumba ta zo ƙarshe kuɓewar ta yi tsawo har ta wuce ni amma 'ya'yan sun ragu sosai, alayyahun duk ya fidda kai, tumatir kuwa ba a magana, ganyen ya yi baƙi ya zube tun cikin malkar Agusta. In tuge komai ne in gyara wurin ko in bari sai ruwa ya ɗauke gaba ɗaya? Kuma me ake shukawa yanzu?

Abban Yusra (Rigasa): Wa alaikumus salam. Tumatirin damina a Kaduna ai sai mai ƙarfin hali Maman Hanifa, kowa nasa haka yake yi, laima ce ta yi masa yawa.

Baba Alhaji (Kabala): Wa alaikumus salam warahmatullah. 'Yata kada ki tuge komai rana ɗaya, kowanne da lokacinsa. Tumatirin nan da ya yi baƙi shi kam yau ma ki cire shi har saiwa ki ƙona ko ki zuba a shara, kar ki sa shi cikin ramin taki don cutar tana zama a jikin ganyen. Kuɓewa ki zaɓi gindi biyu ko uku waɗanda suka fi haihuwa ki daina tsinkarsu, ki bar 'ya'yan su ƙosa su bushe a jikin uwar har sai kin girgiza kin ji suna kaɗawa, wannan shi ne irinki na baɗi. Sauran ki ci gaba da tsinka duk bayan kwana biyu ko uku tun suna ƙanana, abin da ya fi ƙarfin miya ki yanka ki shanya, in iskar hunturu ta fara ai nan da nan take bushewa. Alayyahu ma ki bar kai ɗaya ko biyu ya nuna, ki yanke ki sa a tire ya bushe ki murza, kai ɗaya ma ya ishe ki har ki ba maƙwabta. Yakuwa kuma idan mai jan zoɓo ce ki ƙyale ta tukuna, sai wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake ɓare zoɓon.

Abin da mutane ba su gane ba, mu nan lambu na gaskiya da sanyi ake yin sa. Damina ta ganye ce da kuɓewa da kabewa. Amma tumatir, latas, kabeji, karas, albasa, lansir, duk 'yan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke jin daɗinsu. Ku leƙa bakin kogin Kaduna a watan Disamba ku ga yadda komaye suke yin kore shar. To wanda yake son ya ci wannan moriya yanzu ne zai fara rainon iri, ba sai sanyi ya shigo ba.

Maman Hanifa (Unguwar Dosa): Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara lafiya. To amma in na zuba irin yanzu ruwan nan da ya rage ba zai kwashe min ba?

Anti Larai (Barnawa): Tambayar da zan yi ke nan. Baba ka yi haƙuri amma ni ban yarda a zuba iri yanzu ba, ruwan ƙarshen damina da iska yake zuwa, dare ɗaya zai kwantar da komai. Ni sai tsakiyar Oktoba nake fara nawa kuma lafiya lau nake ci.

Baba Alhaji (Kabala): Larai ai ban ce a ƙasa tsirara ba. A tsohon baho ko roba da aka huda gindinta, a ajiye a baranda inda rana ke shiga da safe amma ruwa ba ya duka. Ki lissafa mana, tumatir yana yin sati 3 zuwa 4 kafin dashe, attaruhu da tattasai sati 5 zuwa 6 don su akwai nawa, albasa ma ta kan kai sati 6 zuwa 8. In kin zuba farkon Oktoba kin dasa tumatir farkon Nuwamba, ya yi fure cikin sanyi, Janairu kina ɗiba. Wanda ya makara har furensa ya faɗa zafin Maris da Afrilu sai ya ga furen yana kakkaɓewa ba ɗa, ya ce iri ne ba kyau, alhali zafi ne. Tsakiyar Oktoba ɗin naki bai ɓaci ba ga tumatir da latas, amma attaruhu da albasa gara a riga.

Anti Larai (Barnawa): Toh na ji ta attaruhu, wannan kam gaskiya ne yana daɗewa kafin ya tsiro ma.

Ummi (Kinkinau): Sannunku iyayena. Ni sabuwa ce a harkar, gidan haya muke duk siminti ne ba ƙasa ko taku ɗaya, buhu nake so in gwada. Wace ƙasa zan zuba kuma wane iri zan saya? Na ga wasu suna matse tumatirin kasuwa su shuka, yana yi?

Hajiya Babba (Malali): Ummi buhu yana yi sosai, nawa rabi duk a buhu suke. Ki samu buhun shinkafa ko na taki wanda aka wanke, ki naɗe bakin ya dawo rabi, ki huda gindin da gefe-gefe saboda ruwa ya riƙa tsiyayewa. Jar ƙasar nan tamu ita kaɗai in ta bushe tauri take yi saiwa ba ta iya ratsawa, sai kin haɗa ta da yashi kaɗan da taki wanda ya ruɓe sosai. Ina nanata ruɓe ɗin nan saboda ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, masu gidan kaji za su sayar miki da shi da ɗuminsa, ki tara shi gefe ki yayyafa ruwa ki rufe ki riƙa juyawa har warin ya mutu ya koma baƙi, in kin sa hannu ciki ba zafi to ya yi. In kin ga gwazarma a ciki ki tsince ki ba kaji. Gindi ɗaya na tumatir a buhu ɗaya, kar ki yi kwaɗayin cusa uku. Latas da lansir da na'a-na'a su ko tsohon baho ya ishe su don saiwarsu ba ta nisa. Na'a-na'a ma dama gara a baho, in kika sake ta a ƙasa sai ta mamaye ko'ina.

Injiniya (Mando): Game da matse na kasuwa, yana tsirowa amma caca ce. In aka yi rashin sa'a irin aure ne, wanda za ki ga an rubuta F1 a jikin fakiti, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar. Ki nemi Roma VF ko UC82B a shagon masu sayar da kayan gona, su ana iya ajiye irinsu a sake shukawa. Ki duba kwanan wata a jikin gwangwanin ko fakitin, kuma kar ki sayi wanda aka baza a rana a bakin titi. Irin albasa musamman ba ya jure ajiya, in ya shekara yawanci sai a hankali.

Ummi (Kinkinau): Nagode Hajiya, nagode Yaya Injiniya. Karas fa, shi ma a baho zan raina?

Injiniya (Mando): A'a karas ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake zubawa. Ƙasa mai laushi mai zurfi ba tsakuwa, in ya tsiro ki rage shi, in ba haka ba sai ki samu 'yan sirara masu ƙafa biyu.

Abban Yusra (Rigasa): Ni fa duk wannan lissafin na Baba na yarda da shi amma ba wanda ya taɓo ainihin matsalar, wato ruwa. Mu nan rijiyarmu daga Fabrairu take fara ja baya, kafin Afrilu sai 'yan garuwa, to wa zai sayi jarka ya zuba wa kabeji? Shi ya sa nake cewa kowa ya auna ruwansa kafin ya cika gida da buhuna. Ni dai abin da nake yi, ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk a bokiti ɗaya ake tarawa, da yamma a ba shuka. Na wanki mai omo da bilic kam ban da shi. Sannan ciyawar nan da ake nomewa yanzu kar a ƙona, a shanya ta a ajiye, in rani ya yi a shimfiɗa a gindin shuka, wallahi tana rage ban ruwa ba kaɗan ba saboda iskar hunturu tsotse danshi take yi. A dai tabbatar ba wadda ta riga ta yi iri ba ce.

Hajiya Babba (Malali): Wannan gaskiya ne Abban Yusra. Kuma tumatir ba ya son yau a cika shi gobe a manta da shi, shi ke sa ka ga gindin ɗan ya yi baƙi ya lotsa ko ya tsage. Kaɗan-kaɗan kullum a gindi, ba a kan ganye ba.

Maman Hanifa (Unguwar Dosa): Allah sarki, ashe abin da ya samu nawa na bara ke nan. To Baba wurin da zan cire kuɓewar nan zan iya dasa tumatir ɗin a wurin? Shi ne ya fi samun rana.

Baba Alhaji (Kabala): In kin tuge kuɓewar ki duba saiwar tukuna. In kin ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi to akwai tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani, kuma tumatir ma tana kama shi, sai ki ga yana yaushi da rana ko da kin ba shi ruwa. In haka ne ki sa albasa a wurin, tumatir ya koma buhu da sabuwar ƙasa. Haka inda aka cire tumatir ba a mayar da attaruhu ko tattasai ko gauta, dangi ɗaya ne cutarsu ɗaya. Ƙasar buhunan da suka yi ciwon nan ma kar ki sake sa musu tumatir. Baɗi in Allah ya kai mu ki ɗan zuba wake a wurin ya gyara ƙasar, akwai masu saurin nuna cikin irin SAMPEA da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru Zariya ta fitar.

Anti Larai (Barnawa): Ni tsorona sharon, tsutsar nan mai cin tumatir. Kun tuna 2016 da ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci, muka koma miyar karas da na gwangwani? Har yanzu tana nan fa, bara na gan ta a nawa, ganyen ya yi fari-fari kamar an ƙwaƙule cikinsa.

Injiniya (Mando): Tana nan Anti, kuma ta fi tashi in zafi ya fara, wannan ma wani dalili ne na yin sammako da dashe. Tsutsar cikin ganyen take shiga shi ya sa feshi ba ya samunta da sauƙi. A lambun gida dai ido ne magani, duk safiya a duba, ganyen da aka ga alama a tsinke a murƙushe ko a ƙona. Maganin ƙananan ƙwarin nan darɓa da farar ƙuda kuma 'ya'yan dogon yaro, a daka a jiƙa ya kwana a tace a sa ɗan sabulu kaɗan a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita duk sati don ba ya daɗewa. Dan Allah kar wanda ya fesa fiya-fiya a kan abin da zai ci, na ji wasu suna yi. In ma na shago za a saya a karanta kwana nawa aka ce a jira kafin a ɗiba, latas da lansir kam da ake ci ɗanye ni ba na sa musu komai sai tsinta da hannu.

Hajiya Babba (Malali): Kar a manta da zogale. Yanzu da yake da ganye sosai a ɗiba a shanya a inuwa, ba a rana ba don kar ya koɗe, saboda in hunturu ya kankama zubarwa yake yi. In ya yi tsawo a sare shi daidai ƙirji zai yi rassa da yawa. Kabewa kuma a bar ta sai igiyar ta bushe, a yanke da ɗan wutsiyarta, in ba ta ji ciwo ba sai ta yi watanni a ƙarƙashin gado. Rama da lalo da karkashi duk yanzu ne lokacin shanyarsu. Ni ugu da shuwaka da ɗoɗɗoya dai ba na taɓa su, ban ruwa kawai, suna kaiwa wata daminar.

Ummi (Kinkinau): Hajiya shuwaka da iri ake shuka ta?

Hajiya Babba (Malali): A'a reshe ake yankowa a soke a ƙasa mai danshi. Ina da ita da yawa, ki turo yaro ranar Asabar in yanko miki har da na'a-na'a.

Abban Yusra (Rigasa): Ummi tun da gidan haya ne ki fara tambaya ko maƙwabta suna da kaji ko akuya kafin komai. In akwai, tsohon gidan sauro ki kewaye buhunan da shi, yana hana ƙadangaru ma, su ne ke gutsure ƙananan shuka da rani in ba wani kore a gidan.

Ummi (Kinkinau): Akwai kaji kam har da zabi biyu na mai gidan.

Anti Larai (Barnawa): Zabi? To ki rufe har sama ƙanwata, su tashi suke yi. Baba in kana da ragowar irin latas ɗin nan mai faɗin ganye a ajiye min, zan biyo ta Kabala ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Baba Alhaji (Kabala): Akwai, ki zo da 'yar kwalba busasshiya mai murfi. Wanda ke son na kuɓewa kuma sai nan da sati uku in ta gama bushewa.