Shafin shagon kawuna ya hargitse a waya, da me zan duba kuskuren?

Mai tambaya, daga Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wa kawuna shafin intanet na shagonsa na Kantin Kwari da HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. A kwamfutata lafiya lau, amma a wayarsa hotunan shadda sun hau kan farashi, kuma duk ƙ da ɗ sun koma wasu alamomi. Jiya har ƙarfe biyun dare ina bin layi-layi, idona ya yi ja. Don Allah ku taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Je ka validator.w3.org, na W3C ne, masu tsara ƙa'idojin shafukan intanet, kuma kyauta ne. Liƙa abin da ka rubuta, zai jero maka kurakurai da lambar layinsu. Fara da na sama, sau da yawa kuskure ɗaya ke haifo goma a ƙasa.

Amsa ta biyu:
Ƙanena, kar ka dogara da F12 na Chrome kaɗai, wato maɓallin da ke nuna maka HTML ɗin shafi a burauza. Rufa maka asiri yake yi, abin da ka bari a buɗe shi zai rufe, sai ka zaci komai daidai ne. Haruffan kuwa, saka meta charset UTF-8, layin da ke gaya wa burauza tsarin haruffanka, a cikin head, wato sashen farko na HTML ɗin.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Ashe div ɗin farashi, wato akwatin da ke ɗauke da shi a HTML, shi ne ban rufe ba a layi na 47. Haruffa ma sun dawo. Saura alt, wato rubutun bayanin hoto, na hotuna 12, bayan Isha'i zan zauna musu.