Wace Kalma Za Mu Ba "Picketing" a Hausa?

Kalmar yajin aiki ta zauna daram a bakin Bahaushe, amma abin da Turawa ke kira "picketing" har yanzu yana yawo ba shi da suna. Ma'anarsa ita ce 'yan ƙungiyar ƙwadago su tsaya a bakin ƙofar wurin aiki, riƙe da alluna, suna lallashin abokan aikinsu da direbobin da ke kawo kaya su juya.

Masu fassara labarai sukan ce zanga-zanga ko zaman dirshan, kuma duka biyun ba su dace ba, domin mai zanga-zanga tattaki yake yi don hukuma ta ji kokensa, mai zaman dirshan kuwa mamaye wuri yake yi ya ƙi tashi. Tare ƙofa ya fi su kusa, sai dai yana ɗora wa ma'aikata laifin da doka ta hana, tunda haƙƙin da aka ba su na lallashi ne cikin lumana. A Birtaniya ma ƙa'idar gwamnati ta ba da shawarar kada masu tsayuwar su wuce 6 a ƙofa ɗaya.

Shawarata ita ce "gadin yaji", masu yinsa kuma "masu gadin yaji", saboda abin da suke tsarewa shi ne yajin kansa, kada wasu su karya shi.

A wurin gine-gine ne kalmar ta fi nuna amfaninta, inda magina da kafintoci da masu haɗa wuta ke shiga ta ƙofa guda alhali kowa da ɗan kwangilarsa. A 1951 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a daga birnin Denba, ta haramta wa ƙungiya tsayar da aikin fili gaba ɗaya ta hanyar gadin yaji saboda rigimarta da ƙaramin ɗan kwangila guda, kuma da majalisa ta nemi sauya hakan, Shugaba Gerald Ford ya hau kujerar naƙi a 1976.

Kalmar tana kuma karɓar ƙari ba tare da ta yi nauyi ba. Maginan Birtaniya da suka riƙa bin filayen gini a motoci a yajin 1972, waɗanda aka gurfanar da 24 daga cikinsu a garin Shrewsbury kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa 14 daga cikinsu a 2021, sai mu ce gadin yaji na tafi-da-gidanka suka yi.