Aron doki: wa ya taɓa bayarwa, wa ya taɓa karɓa?

Mai Akawal: Assalamu alaikum. Aiki zai raba ni da gida shekara guda, ba ni kuma da mai tsaya wa dokina. Sayarwa ba ta cikin raina, tun yana dukushi yake turkena. Wani abokina ya ce in ba shi aro, ciyarwa da hawa nasa, doki nawa. Don Allah waɗanda suka gwada su faɗa mini abin da suka gani.

Mai Kili: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni na gwada, har yau abin na cina. Wata 8 dokina ya yi a hannun wani aminina, ban leƙa ko sau ɗaya ba, saboda ina jin nauyin kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Ranar da na je ɗauko shi, da na ɗage sirdi sai ga miki biyu a doron bayansa, ƙudaje na bi. Haƙarƙari a fili, ana iya ƙirgawa. Kofato ya yi tsawo ya tsattsage, alhali kamata ya yi a riƙa gyara shi duk mako 6 zuwa 8. Mutumin ba mugu ba ne, sani ne babu. Ya ɗora masa sirdin wani dokin da bai zauna masa ba, ga shi mutumin ƙato ne, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce mahayi da sirdi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Wata 4 na yi ina jinya. Mikin ya warke, amma farin gashi ya fito a gurbin, kullum in na zo share shi sai na gani. Rabin laifin nawa ne, da na je a watan farko da ban kai ga haka ba.

Maman Yara: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ni kuwa karɓa na yi, kuma alheri na gani. Kuru muka aro wa 'yata tana da shekara 8, tsoho ne mai shekara 18, mai haƙuri, yaran mai shi sun yi masa girma. Da saye muka yi, bayan shekara 3 ƙafarta ta yi masa tsawo, sai mu rasa yadda za mu yi da shi. Hajiyar da ta ba mu ta sa mun rubuta komai a takarda: abin da yake ci, wanda zai hau, wanda zai biya likitan dabbobi, da kwana nawa za a sanar kafin a mayar. Da farko na ji wani iri, daga baya na gode mata. Wata safiya na same shi ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, na taɓa kofato na ji zafi rau. Ashe yarinyar ce ke ƙara masa hatsi a ɓoye don so. Nan take na kira mai shi da likita, aka ce kumburin cikin kofato ne, kuma kuru ya fi manyan dawaki saurin kamuwa. An tare shi da wuri. Abin da ya fi mana wuya ranar mayarwa ce, yarinya ta rungume wuyansa tana kuka, sai da aka ɓamɓare ta.

Mai Hurde: Ku tsayar da maganar ciwon dare. Nawa cikinsa ya ƙulle da ƙarfe 2, yana birgima yana duban kwiɓinsa, wanda ya ara ya tsaya jiran gari ya waye don bai san wa zai biya ba. Doki ba ya amai, ciwon ciki kan kashe shi cikin sa'o'i. Dalilin kuma canza masa abinci aka yi rana ɗaya, maimakon a bi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Cikin ikon Allah dai ya tashi.

Mai Goɗiya: Ni goɗiyata da ciki ta dawo, ba a tambaye ni ba. Wata 11 muna jayayya kan dukushin na waye, har zumunci ya yi sanyi. Mai bayar da mace ya faɗi wannan tun farko.

Mai Akawal: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je na ga bargar abokin nawa da idona, na duba turke da wurin ruwa. Zan ba shi da sirdinsa da linzaminsa, mu ɗauki hotonsa ta kowane gefe ranar miƙawa. Mun rubuta cewa ko tsakar dare ne ya kira likita, mu raba kuɗin, kuma ba zai ba wa wani ya hau ba. Ƙanena zai riƙa leƙawa duk mako 2. Wata guda za mu fara gwadawa tun ina nan, kafin tafiyar ta zo.